Littafin aiki: ƙwaro mai dogon ƙaho a dajin fayin na Lousã

18 ga Maris, 2024

Malamar da ke duba aikina ta ce abin da ba a rubuta shi a ranarsa ba ya tafi ke nan, don haka yau na buɗe wannan littafi. Da Hausa zan riƙa yinsa, domin da ita nake tunani idan na gaji, kuma 'yan'uwa a gida sun dame ni da tambayar abin da ya kai ni tsaunukan Fotugal bin ƙwaro.

Itacen da ake magana a kansa shi ne fayin, wato bishiyar nan mai ganye sirara kamar allura, wadda ba ta kaɗe ganyenta rani da damina. Wanda ya taɓa ratsa dajin Afaka kusa da Kaduna, ko ya zaga tudun Jos, ya ga danginta da aka dasa. Irin na nan sunansa na kimiyya Pinus pinaster, mutanen ƙasar kuma suna ce masa pinheiro-bravo. Da shi suke katako, da shi suke yin allunan ɗora kaya, kuma har yanzu akwai masu tsaga ɓawonsa suna tarar ƙaro a ɗan kasko.

Ƙwaron kuwa Monochamus galloprovincialis ne. Ɗan ƙasa ne, ya daɗe a dazukan Turai yana ƙwai a itacen da ya riga ya mutu ko yake gargarar mutuwa, ba wanda ya damu da shi. Abin ya canza a 1999, lokacin da aka gano wata siririyar tsutsa mai kashe itace, mai suna Bursaphelenchus xylophilus a jikin fayin a yankin Setúbal, kudu da Lisbon. Wannan ne karon farko da aka gan ta a Turai. Tsayinta bai wuce milimita ɗaya ba, ba ta da ƙafa balle fiffike, ba ta iya barin itace ta koma wani da kanta. Ƙwaron ne jirginta.

Tambayar aikina ƙarama ce. Ina da fili uku a gefen tsaunin Lousã, a gundumar Coimbra. Na farko mai shi yana sare matattun itatuwa duk hunturu yana kwashe rassan. Na biyu an yi shekaru ba wanda ya taɓa shi. Na uku yana bakin wata tsohuwar ƙuna. Ina so in ga yawan ƙwaron da ke tashi a kowanne, da kuma nawa ne daga cikinsu ke ɗauke da tsutsar.

3 ga Afrilu

Na zaga fili na farko tare da mai shi, wani dattijo da ya haura saba'in. Ruwa bai tsagaita ba duk yini. A nan damina da sanyi tare suke zuwa, zafi kuma ya zo da fari, akasin namu. Ina azumi, hawan tudu ya ba ni wuya, shi kuwa yana gaba da sandarsa yana nuna mini itace ɗaya-ɗaya kamar mai nuna 'ya'yansa. Yaro yake kirana da harshensu, ni kuma ina ce masa Senhor, a zuciyata kuwa Baba nake cewa.

A kan iyakarsa da fili na biyu akwai wani reshe da ya faɗo tun bara. Na ɗaye ɓawon da wuƙa, sai ga hanyoyi masu faɗi a ƙarƙashi, cike da tarkacen itace mai tsawo kamar zaren da aka tsefe. Ga kuma ɗan rami mai siffar ƙwai inda tsutsar ƙwaron, wato ɗansa da bai yi fiffike ba tukuna, ta nutsa cikin katako. Dattijon ya sa gatari ya tsaga reshen. A can ciki, a wani ɗaki da ta fafe wa kanta ta toshe ƙofarsa da tarkace, ga ta nan kwance, fara, mai kauri, ba ƙafa, kanta ja-ja da haƙora baƙaƙe. A nan ta yi hunturu, a nan za ta rikiɗe ta fito da fiffike idan zafi ya shigo.

Na kwaso guntayen reshen cikin leda don gwaji.

22 ga Afrilu

Yau na ga siririyar tsutsar nan mai kashe itace da idona.

Hanyar fito da ita ba ta da wuya. A yayyanka itacen ƙanana, a naɗe a takarda mai laushi, a sa cikin mazurari mai ruwa wanda aka ɗaure bakinsa na ƙasa da ɗan tiyo. A bar shi kwana ɗaya ko biyu. Tsutsotsin suna fitowa daga itacen su ratsa takardar su nitse ƙasa, sai a ɗebi ɗigon ruwan a duba a madubin ƙara girma. Da na sa ido na ga abu kamar gashin jariri yana wutsil-wutsil, ɗaruruwa a ɗigo guda. Na daɗe ban ɗago ba. Abin da ke kashe itacen da mutum ba ya iya rungumarsa da hannu biyu ke nan.

Malama ta gargaɗe ni kada in yi saurin yanke hukunci. Akwai 'yar'uwarta, Bursaphelenchus mucronatus, wadda take 'yar asalin nan ce kuma ba ta cika kashe itace ba. Bambancinsu a ido yana ga wutsiyar mace: ta mai kisan yawanci dunƙulalliya ce, ta ɗayar tana da ɗan tsini. Tun da ido na iya yaudarar mutum, sai an kai ga gwajin ƙwayoyin halitta kafin a rubuta suna.

Da dare na koma kan tarihin abin. Asalin tsutsar Arewacin Amurka ne, inda itatuwan can suka saba da ita, ba ta yi musu wata babbar illa. A Jafan aka fara ganin fayin na mutuwa da yawa, a Nagasaki a 1905. Shekara fiye da sittin mutane suna ɗora laifin a kan ƙwari, domin duk itacen da ya mutu sai a tarar da su a ciki. Sai a 1971 wasu masana biyu, Kiyohara da Tokushige, suka sa tsutsar a jikin lafiyayyen itace da gangan, itacen ya mutu. Jim kaɗan aka tabbatar cewa wani ɗan'uwan ƙwaronmu, Monochamus alternatus, shi ke ɗaukarta a can. Daga nan ta bayyana a Nanjing ta ƙasar Sin a 1982, da Busan ta Koriya ta Kudu a 1988. Duk wanda ya dubi jerin garuruwan nan zai ga bakin ruwa ne ko hanyar jiragen ruwa. Setúbal ma tashar jiragen ruwa ce.

14 ga Mayu

Mun rataya tarko goma sha biyu, huɗu a kowane fili. Tarkon mazurarai ne baƙaƙe da aka jera wani kan wani, daga nesa ya yi wa ƙwaro kama da gindin itace. An shafe su da wani abu mai santsi, idan ya sauka sai ya zame ya faɗa gwangwanin da ke ƙasa. Gwangwanin busasshe muke bari, mai raga a gindi don ruwa ya tsiyaye, saboda da rai nake son su.

Ƙoton tarkon wari ne kawai, amma warin kashi-kashi ne. Akwai wanda namijin ƙwaron ke fitarwa don tara 'yan'uwansa maza da mata, wanda masana a Sifaniya suka gano suka wallafa a 2010, ana kiransa monokamol. Akwai warin wasu ƙananan ƙwari masu cin ƙarƙashin ɓawo, domin namu yana bin sawunsu: inda suka taru, akwai itace mai rauni. Sai warin ƙaron fayin kansa. Haɗin ukun yana gaya wa ƙwaro cewa ga itace yana mutuwa, 'yan'uwa sun riga sun isa. Duk mako shida za a canza ƙoton.

Jefa igiya kan reshe mai tsawo ya ci mana yini guda.

30 ga Mayu

Zagaye biyu, ba ko ɗaya. Abin da ke faɗawa shi ne wani ɗan ƙwaro mai ratsin ja da baƙi da fari, mai kama da tururuwa, Thanasimus formicarius. Mafarauci ne, ƙwarin ɓawo yake ci, warinsu ne ya jawo shi. Mai taimakon daji ne, ba na son ya mutu a hannuna. Na huda ƙananan ramuka a jikin gwangwanayen yadda shi zai iya fita amma babban ba zai iya ba.

12 ga Yuni

Alhamdu lillahi, na farko ya shiga, a fili na biyu. Namiji ne. Jikinsa bai kai tsawon gaɓa biyu na yatsa ba, ruwan ƙasa mai sheƙin tagulla da ɗigo-ɗigon rawaya a bayansa. Ƙahonnin kuwa, waɗanda a gaskiya gaɓoɓin sansana wari ne, sun ninka jikinsa biyu. Na mace sun fi gajarta, kuma suna da zobe-zoben toka.

Da na kama shi da yatsu sai ya fara kuka, ƙiƙ-ƙiƙ-ƙiƙ, yana goga wuyansa da gadon bayansa. Ya cije ni, cizon da ya isa a ji. Kyakkyawar halitta ce, ba zan ɓoye ba. Na tsaya a gindin itacen ina juya shi a rana na ɗan lokaci kafin in sa shi a kwalba.

17 ga Yuni

Jiya Babbar Sallah. Na yi idi a Coimbra, da yamma na kira gida. Mahaifina kafinta ne, shekara arba'in yana sana'ar. Bayan gaisuwa ya ce, "To, yaya gundar taka?" Tun farko haka yake kiran aikina, domin a wurinsa duk abin da ke huda katako gunda ne.

Na ce, "Baba, allunan ɗora kaya da kuke saye a kasuwa kuna warwarewa, kun taɓa lura da wani tambari da aka ƙona a jikinsu?"

Ya ce ya sha gani, mai zanen kamar zangarniyar alkama da haruffa, amma ya ɗauka sunan kamfani ne. Na yi masa bayani. Tambarin shaida ce cewa an gasa katakon har tsakiyarsa ta kai digiri 56 na tsawon minti 30, zafin da ke kashe tsutsar ƙwaro da wannan siririyar tare. Haruffan HT su ne alamar gashin, haruffa biyu na farko kuma sunan ƙasar da aka yi aikin. Ƙa'ida ce ta duniya da aka amince da ita a 2002, ana kiranta ISPM 15, kuma irin abin da ya faru a nan yana cikin dalilan da suka sa aka kafa ta.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ashe katako ma yana da katin rigakafi." Ya ƙara da cewa wanda ba shi da tambari ya fi araha, kuma shi ne yakan tarar da rami a ciki. Ya ce zai sa yaran shago su riƙa dubawa. Na kwana ina tunanin kwantenonin da ke sauka a Apapa kullum, kowacce da katakon da aka tokare kaya da shi.

10 ga Yuli

Yanzu ne ganiyar tashinsu. Kowane zagaye ina dawowa da kwalabe cike, kuma fili na biyu ya yi wa sauran nisa. Na dattijo ma yana kamawa, amma tarkunan da ke kusa da iyaka su suka fi cika, na can ciki ba sosai ba.

Na ajiye wasu a akwatin raga a ɗakin gwaji, na ba su ɗanyun rassan fayin. Abin da na karanta sau da yawa na gan shi a gabana. Sabon ƙwaro ba ya iya haihuwa sai ya ci, kuma abincinsa ɓawon ƙananan rassa ne masu laushi na lafiyayyen itace. Yana kankare shi tsiri-tsiri, ya bar farin miki. Wannan cin shi kaɗai ba ya kashe itace. Matsalar abin da ke cikin ƙirjinsa ne.

Ga yadda abin yake. Lokacin da ƙwaron ke kwance a ɗakinsa cikin mataccen itace yana rikiɗa, tsutsotsin da ke cikin itacen suna taruwa a kewayen ɗakin. Da ya zama cikakke, kafin ya huda hanyarsa ta fita, sai su hau jikinsa su shige ta ƙofofin numfashin da ke gefensa, su cika bututun iska. Ya fito, ya tashi, ya sauka kan lafiyayyen itace yana ci, su kuma suna fitowa kaɗan-kaɗan suna shiga ta mikin. Idan itacen ya kamu ya fara mutuwa, warinsa ya jawo mata su zo su yi ƙwai, badi sabbin ƙwari su fito da sabon kaya. Tsutsa ta samu abin hawa, ƙwaro ya samu wurin haihuwa. Kowa ya ci riba, ban da itacen da mai shi.

Ƙidayar tsutsa aiki ne mai cin rai. Sai an kashe ƙwaron, an yayyanka shi, an sa a mazurari. Da yawa ba su ɗauke da komai, wasu 'yan kaɗan, sai can a samu ɗaya mai dubbai. Malama ta ce haka rabon yake a ko'ina aka duba, kuma waɗannan 'yan tsirarun su ne ke ɗaukar mafi yawan cutar. Ba kuma yadda za a gane su ta waje.

25 ga Yuli

Na yi asarar aikin mako guda. Na rubuta lambobin tarko a jikin kwalabe da alƙalamin da barasar gwaji ke wankewa, kwalba ɗaya ta zube a cikin jaka, rubutun kusan duka ya goge. Ƙwarin suna nan, amma ban san wanne ya fito daga wane fili ba, kuma aikina gaba ɗaya a kan wannan bambancin ya tsaya. Kuma makon ganiya ne.

Zuciyata ta raya mini in yi ƙiyasi, tun da na tuna wasu. Na je na gaya wa Malama yadda abin ya faru. Ta ce a bar gurbin makon babu komai a jadawali, a rubuta dalili a ƙasa. Haka na yi. Daga yau lamba da fensir a kan takarda, a cikin kwalbar, sannan wata a murfi.

21 ga Agusta

Zafi ya tsananta, rabon ƙasa da ruwa an daɗe. A fili na biyu itatuwa sun fara canza launi. Ganyen yakan fara dushewa ya yi toka-toka, ya koma rawaya, sannan ja kamar tsatsa, kuma ba ya zuba, yana nan maƙale. Daga kan tudu ana hango su ɗaya-ɗaya cikin kore kamar wuta ta taɓa su.

Kafin launi ya nuna, akwai gwajin da ke tona asiri. A huda ɓawo da ɗan ƙarfe mai faɗin yatsa har a kai farin itace, a dawo bayan wasu sa'o'i. Lafiyayyen fayin zai cika ramin da ƙaro har ya dalalo. Wanda ya kamu kuwa ramin yana nan a bushe. Dalili shi ne tsutsar tana bin hanyoyin ƙaro ne a cikin itacen tana cin ƙwayoyin da suka shimfiɗe su, tana hayayyafa cikin 'yan kwanaki idan akwai zafi. Daga nan jijiyoyin da ruwa ke bi daga saiwa zuwa sama su cika da iska, ruwan ya yanke. Itacen ƙishirwa ke kashe shi, ko da ƙasan tana da danshi. Shi ya sa cutar ta fi ƙarfi inda matsakaicin zafin watannin bazara ya haura digiri 20, kuma fari yana ƙara mata kaifi.

Na gwada itatuwan dattijo da ke bakin iyaka, yana tsaye a bayana. Biyu sun bushe, alhali ganyensu kore shar. Ɗaya daga ciki babba ne, akwai tsoffin tabon tsagar ƙaro a jikinsa, ya ce mahaifinsa ne ya yi su. Ya sa yatsa a ramin, ya duba yatsan, ya sake sawa. Ya tambaye ni ko akwai magani. Na gaya masa gaskiya: akwai allurar da ake yi wa gindin itace mai daraja don kariya, amma kafin ya kamu ake yi, wanda ƙaronsa ya tsaya ba ya dawowa. Bai ce komai ba. Ya dubi filin maƙwabcinsa ya daɗe, sannan muka sauko.

18 ga Satumba

Kwana uku ke nan sararin sama ja ne, toka tana sauka a kan motoci. Gobara ta tashi a arewa da mu, a gundumomin Aveiro da Viseu, wajen Albergaria-a-Velha da Sever do Vouga, ta ci gidaje da rayuka, har da na 'yan kwana-kwana. An hana shiga daji, don haka ban zaga tarko ba.

Mutanen nan ba su manta da 2017 ba: gobarar Pedrógão Grande a watan Yuni, wadda ta kashe mutum fiye da sittin, ba nisa da inda nake aiki, da ta Oktoba wadda ta cinye mafi yawan dajin fayin na Leiria, dajin da ake dangantawa da Sarki Dinis tun ƙarni na goma sha uku zuwa sha huɗu. Kowa ka zauna da shi yana da labarin inda yake a ranar.

Ta fuskar aikina, wuta da ƙwaron nan abokan tafiya ne. Itacen da ya ƙone ƙurmus ba ya yi masa amfani, amma wanda wuta ta babbaka ta bar shi tsakanin rai da mutuwa, wannan shi yake nema, kuma yana jin warinsa daga nesa. Gefen kowace ƙuna ta bana wurin haihuwa ne. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kawo ruwa.

9 ga Oktoba

An yi ruwa, daji ya huce. Kamun tarko ya ragu ƙwarai.

Da la'asar na zauna kusa da wani mataccen itace a fili na biyu ina cika takarda, sai na ji wani sauti, ƙarr, ƙarr, ƙarr, kamar ana goga zarto a hankali. Na kara kunne a jikin itacen. Tsutsotsin ƙwaron na bana ne ke ci a ƙarƙashin ɓawo, kuma ba ɗaya ba ce, ta ko'ina sautin ke fitowa. A ƙasa ga tarkacen da suke turowa waje ya taru. A jikin ɓawon ga ƙananan tsagogi inda uwayen suka ciza suka sa ƙwai. Na ɗauki sautin a waya na aika wa mahaifina. Ya amsa da cewa wannan ba gunda ba ce, kafinta ce.

Makwakkwafi yana aikinsa a sama, yana ɗaye ɓawo yana zaro su. Yana rage su, amma ba ya iya cinye na daji guda.

31 ga Oktoba

Mun sauke tarkuna, mun wanke, mun adana. Kakar farko ta ƙare.

27 ga Nuwamba

Na gama jera alƙaluma. Abin da suka nuna bai ba kowa mamaki ba: filin da ba a kula da shi ya fi fitar da ƙwari, kuma a can aka fi samun masu ɗauke da tsutsa. Amma shekara ɗaya ce, fili uku ne, ga mako guda babu, saboda haka ba zan kira shi sakamako ba tukuna. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tarkunan iyaka. Dattijon ya yi duk abin da doka ta ce, amma ƙwaro ba ya sanin iyakar gona, yana iya tafiyar kilomita da dama a rayuwarsa.

Na nemi sanin mai fili na biyu. Ashe ba mutum ɗaya ba ne. Gado ne da ba a raba ba, magadan wasu suna Lisbon, wasu suna Faransa, wasu ba su taɓa taka wurin ba. A wannan yanki haka dajin yake, ƙananan filaye ne na mutane, ƙauyuka sun zama na tsofaffi, kuɗin sare mataccen itace a kan tudu ya fi abin da za a samu a katakonsa. Doka ta wajabta wa mai fili ya cire itacen da ya nuna alama ya kuma kawar da rassansa, hukumar dazuka ta ICNF ke lura da hakan, kuma daga Afrilu zuwa Oktoba, lokacin tashin ƙwaro, ƙa'idar jigilar katakon fayin ta fi tsauri. Amma takarda ba ta riƙe gatari.

An gwada ƙarfi a baya. Bayan gano cutar a Setúbal an killace yankin, daga baya aka sare fayin a wani zobe mai faɗin kilomita 3 a kewayensa don ƙwaro ya rasa wurin sauka. Duk da haka a 2008 sai ga ta a nan tsakiyar ƙasa, a Lousã da Arganil, nesa ƙwarai da zoben. Wannan tsallen ya fi ƙarfin fiffike, ya fi kama da na babbar mota. A shekarar aka ayyana duk Fotugal, ban da tsibiranta, a matsayin yankin da ake killacewa, aka ware kilomita 20 a bakin iyakar Sifaniya don sa ido na musamman. A 2008 ɗin aka gan ta a Sifaniya, a 2009 kuma a tsibirin Madeira, wanda teku ya raba shi da kowa.

Ra'ayina, bayan wata takwas ina riƙe ƙwaron nan a hannu, shi ne an fi yawan ambaton sunansa fiye da laifinsa. Yana yin abin da ya saba yi tun kafin a san Fotugal. Mutum ne ya ɗauko tsutsar ya tsallaka teku da ita cikin ɗanyen katako, mutum ne kuma yake barin mataccen itace a tsaye har zafi ya dawo. Tarko yana gaya mana lokacin tashi da yawan masu tashi, amma a hunturu ake cin wannan yaƙi ko a rasa shi.

15 ga Janairu, 2025

An sare itatuwa biyun na dattijo. Ya kawo masu injin yanka, ni ma na je na taya. Babban ya faɗi da ƙarar da ta amsa a kwarin duka. A jikin kututturen akwai shuɗin tabo na funfunar da ke shiga mataccen fayin, wadda tsutsar ke komawa ci idan itacen ya gama mutuwa. Na ɗebi garin itace daga wurare daban-daban na gindi da sama don gwaji.

Masu yankan sun so su ɗauki gungumen su bar rassa, kamar yadda aka saba. Na roƙe su kada su bari. Ƙwaron nan ya fi son wurin da ɓawo yake da sirantaka, wato saman itace da rassa, har waɗanda ba su fi kaurin sandar makiyayi ba. Wanda ya kwashe gungume ya bar rassa ya kwashe kuɗin ne ya bar cutar. Dattijon ya goyi bayana, aka jawo injin niƙa aka markaɗe su ƙanana, ƙasa da santimita 3 kamar yadda ƙa'ida ta ce. Dare ya yi mana a wurin.

Da muka gama ya zauna a kan kututturen yana ƙirga zoben shekaru da farcensa. Ya wuce sittin, sannan ya daina.

20 ga Fabrairu

Gwajin ƙwayoyin halitta ya dawo: itatuwan biyu duka Bursaphelenchus xylophilus ce.

Labari mai daɗi, ɗaya daga magadan fili na biyu ta amsa wasiƙar da dattijon ya sa aka rubuta mata. Ta yarda a sare matattun itatuwan da ke rabin filin na kusa da iyaka, idan sauran ba su hana ba. In hakan ya tabbata kafin ƙarshen Maris, zan samu abin da ban yi zato ba: fili ɗaya, rabi a share, rabi a yadda yake, ga kuma alƙaluman bara na kwatantawa. Malama ta amince in ƙara tarko shida in jera su a layi daga iyaka zuwa cikin filin dattijo, kowanne da tazarar da aka auna, don a ga inda kamun ke fara raguwa. Zan kuma shafa wa wasu ƙwari ɗigon fenti a baya in sake su, waɗanda suka fito daga itacen da aka tabbatar ba shi da tsutsa, in ga ko za su sake faɗawa tarko kuma a ina.

Abin da ya rage kafin Afrilu: odar sabon ƙoto, gyaran mazurarai biyu da iska ta fasa, sa alama da jan fenti a matattun itatuwan rabin filin, da samo mai injin niƙa da zai yarda ya hau wancan tudun. Gobe da safe ni da dattijon za mu fara sa alamar, ya ce in zo da takalmin ruwa domin rafin ƙasa ya cika.